Yadda Za a Bi Jadawalin Rigakafin Ciwon Hanta Har Kariya Ta Kama Jiki

Mutane da dama a Gombe suna ɗaukar allurar rigakafin ciwon hanta tamkar abin da ake yi sau ɗaya a wuce wurin, shi ya sa za ka ji magidanci yana cewa ai shi an riga an yi masa, alhali allura guda ce aka yi masa a wani taron wayar da kai shekarun baya, bai kuma sake waiwayar asibiti ba. Irin wannan mutum yana yawo da kwanciyar hankalin da bai kamata ya samu ba, domin ƙarfin wannan rigakafi ya rataya ne a kan abubuwa uku: lokacin da aka fara shi, tazarar da aka bari tsakanin allura da allura, da kuma cika adadin da aka ƙayyade.

Ciwon hantar da ƙwayoyin bairos ke haddasawa nau'i biyar ne, ana kiran su da haruffan A, B, C, D da E, kuma ba dukansu ne ke da rigakafi ba. Nau'in C ba shi da allura har yau, sai dai ana warkewa daga gare shi da ƙwayoyin magani da ake sha na kimanin makonni 12, kuma fiye da kashi 95 cikin 100 na masu shan su suna rabuwa da cutar. Nau'in D ba ya iya zama sai a jikin da B ya riga ya shiga, don haka wanda ya tsira daga B ya tsira daga D. Nau'in A da E ta gurɓataccen ruwa da abinci suke shiga jiki. Wanda ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne B: binciken da gwamnatin tarayya ta gudanar a faɗin Najeriya a shekarar 2018 ya gano cewa kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da shi, wato kusan mutum ɗaya cikin kowane 12. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da shi a duniya, kuma ya yi ajalin kimanin miliyan 1.1 a wannan shekarar kaɗai, akasari ta hanyar ƙanƙancewar hanta da sankarar hanta.

Sa'o'i 24 na farko a rayuwar jariri

Idan da za a tambaye ni wace allura ce ta fi kowace muhimmanci a duk jadawalin rigakafin B, ba tare da wata-wata ba zan ce ta ranar haihuwa. Dalili shi ne, shekarun mutum a lokacin da ƙwayar ta shige shi su ne ke yanke hukuncin abin da zai biyo baya. Babban mutum mai lafiya idan ya kamu, jikinsa kan yaƙi cutar ya kore ta, waɗanda take zaunawa a jikinsu ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Jaririn da ya kamu a wajen haihuwa kuwa, kusan 9 cikin 10 cutar kan zauna masa har ƙarshen rayuwa, tana cin hantarsa a ɓoye ba zazzaɓi ba shawara, sai ya kai shekarun da iyali suka fara dogara da shi sannan ciki ya kumbura, idanu su yi ɗorawa. Uwa mai ɗauke da ƙwayar galibi ba ta san tana da ita ba, kuma jininta da ruwan haihuwa suna haɗuwa da jariri a lokacin naƙuda.

Abin da ya sa allurar ke iya cin nasara ko da ƙwayar ta riga ta taɓa jaririn shi ne, ƙwayar B tana da nawa wajen kafuwa a hanta, takan ɗauki kwana 30 zuwa 180 kafin ta bayyana. Idan aka yi allurar a cikin sa'o'i 24, garkuwar jikin jaririn tana fara shiri tun kafin ƙwayar ta samu gindin zama. Duk kwanan da aka ƙara, wannan rata tana raguwa. A tsarin Najeriya ana ci gaba da bayar da allurar haihuwa har zuwa kwana 14, kuma yin ta a makare ya fi barin ta, amma kada wannan sassauci ya sa a ɗauka cewa ranar farko da ranar goma duk ɗaya ne.

A nan ne al'adunmu ke cin karo da jadawali, kuma gara a faɗi gaskiya a kai. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 kawai na haihuwa ake yi a asibiti, saura a gida ne, yawanci a hannun ungozoma ko tsofaffin gida. Da zarar an yanke cibi sai hankali ya koma kan ruwan wanka, kunun kanwa da shirin suna, a ce ba a fita da ɗanyen jariri sai an yi bakwai. To amma a cikin wannan bakwai ɗin ne wanzami ke zuwa aski, wasu gidajen ma har da cire beli ko tsaga, ga shi ƙwayar B tana iya rayuwa a jikin aska ko reza har kwana 7 ko fiye, ko da jinin ya bushe. Ke nan jaririn da aka jinkirta wa allura sai bayan suna ya ratsa haɗari biyu ba tare da kariya ba, na haihuwa da na aska.

Hanyar kauce wa wannan ita ce a tsara komai tun ciki yana wata bakwai ko takwas. A tambayi malaman awo a cibiyar lafiya ta mazaɓa ko suna ajiye allurar haihuwa a firjinsu, da kuma inda za a nufa idan haihuwa ta zo da dare, ko ranar Asabar da Lahadi. Wanda ke cikin garin Gombe yana da manyan asibitoci kusa, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Ƙwararru na jiha, amma mazauna ƙauyukan Dukku, Nafada ko Balanga su ne suka fi buƙatar sanin wannan amsa tun da wuri, saboda nisa da wahalar abin hawa. Sannan a ware mutum guda wanda aikinsa ke nan ranar haihuwa. Mai jego ba sai ta fita ba. Uba, ko kaka, ko goggon jariri za ta iya naɗe shi a zane ta kai shi a dawo da shi cikin ɗan lokaci. Wannan ya fi muhimmanci idan ɗan fari ne, inda kunya kan hana iyaye buɗe baki a kan lamarin yaron, sai kowa ya zuba wa ɗan'uwansa ido har rana ta faɗi. Idan tsohuwa ta nuna rashin amincewa, ba faɗa ake yi da ita ba, ana iya ce mata, "Inna, ba mu ƙi ta taku ba, wanka da komai za a yi yadda aka saba, wannan allura ce kawai malaman asibiti suka ce amfaninta a ranar farko yake, ki raka mu ki gani da idonki."

Akwai wani tarnaƙi da iyaye kan ci karo da shi a wasu ƙananan cibiyoyi, inda za a ce musu su dawo ranar rigakafi. Abin da ke jawo haka shi ne allurar BCG ta tarin fuka, wadda idan aka haɗa kwalbarta dole a zubar da ragowar bayan sa'o'i 6, don haka ake tara jarirai a yi musu rana guda. Kwalbar rigakafin ciwon hanta ba haka take ba, domin ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a ci gaba da amfani da buɗaɗɗiyar kwalba har kwana 28 muddin an adana ta cikin sanyi da tsafta. Saboda haka uba yana da hujjar cewa cikin ladabi, "Malama, jiya da dare aka haifi yaron nan a gida. Idan BCG sai ranar da kuke buɗe kwalba, za mu dawo, amma a taimaka a yi masa ta ciwon hanta yau." Za a zuƙo rabin mililita a sirinji, a yi masa a gefen cinya ta waje, a rubuta kwanan wata a kati a gurbin da aka tanada. A duba katin kafin a bar wurin. Tabon da ke fitowa a dantse na BCG ne, ba shaidar rigakafin hanta ba ne, haka nan ɗigon foliyo da ake bi gida-gida ana yi wa yara ba ya kare hanta ko kaɗan.

Jaririn da aka haifa bakwaini ko wanda nauyinsa bai kai kilo 2 ba shi ma ana yi masa allurar haihuwa, sai dai ba a lissafa ta cikin adadin da ake buƙata, dole ya samu cikakkun uku a bayanta.

Idan kuwa gwajin awo ya nuna uwa tana ɗauke da ƙwayar, to shirin ya ƙaru. Likita zai so a auna yawan ƙwayar a jininta, kuma idan ta kai 200,000 a ma'aunin da ake amfani da shi, akan ɗora ta a kan maganin tenofovir a watannin ƙarshe na ciki don rage yawanta kafin haihuwa. Jaririn kuma, baya ga rigakafin, ana so a yi masa wata allura mai suna HBIG a ɗaya cinyar cikin sa'o'in farko. Ita wannan shiryayyun sinadaran kariya ne da ke tsare shi na ɗan lokaci kafin jikinsa ya ƙera nasa. Tana da tsada kuma ba ko'ina ake samun ta ba, don haka a fara cigiyarta tun kafin watan haihuwa ya kama, a kuma yi ƙoƙari a haihu a asibiti. Rashin samun ta ba dalili ba ne na jinkirta rigakafin. Uwar za ta shayar da ɗanta nono kamar kowace uwa.

Mako 6, mako 10, mako 14

Allurar haihuwa buɗe ƙofa ce kawai. Najeriya ta shigar da rigakafin B cikin na yara a shekarar 2004, sannan daga 2012 aka fara haɗa shi cikin allurar da ake rubutawa Penta a kati, wadda ke kariya daga cututtuka biyar a lokaci guda: mashaƙo, tarin shiƙa, sarƙewar haƙora, wata ƙwaya mai jawo sanƙarau da ciwon huhu, sai ciwon hanta nau'in B. Ana yin ta sau uku, a mako 6, mako 10 da mako 14, kuma kyauta ce a cibiyoyin gwamnati. Ba a yi wa jariri Penta kafin ya cika mako 6, shi ya sa ta ranar haihuwa take zuwa ita kaɗai a kwalbarta.

Lissafin ba shi da wuya idan aka jingina shi da abin da kowace mace ta sani. Mako 6 kwana 42 ke nan, wato kwana biyu bayan arba'in. Duk gidan da aka yi shirin gama wanka, to a sa Penta ta farko cikin shirin. Ta biyu bayan mako huɗu, ta uku bayan wasu mako huɗun. Inda aka fi samun tangarɗa shi ne wajen matan da suka je wanka gidan iyayensu: an yi allurar haihuwa a Kumo ko Bajoga, an dawo ɗaki a Pantami ko Jekadafari, katin kuma an manta shi a ƙarƙashin katifar kaka. Kati ya bi yaro duk inda ya je, a sa shi cikin leda saboda ruwa, a kuma ɗauki hotonsa a waya. Kowace cibiya za ta ɗora daga inda aka tsaya idan ta ga katin.

Binciken lafiyar nan na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 65 cikin 100 na yara sun samu Penta ta farko, amma kashi 50 ne kawai suka kai ta uku. Wasu daga cikin masu yankewa a hanya zazzaɓin da yaro ya yi bayan ta farko ne ke tsorata su, ko kumburin cinya da kukan dare. Wannan abu ne da aka san da shi, yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma ma'aikacin lafiya zai faɗi adadin farasitamol da ya dace da nauyin yaron. Mura, ɗan tari ko gudawa mara tsanani ba sa hana allura. A kai yaron, a bar ma'aikaci ya duba ya yanke hukunci. Yaran da suka kammala jadawalin, fiye da kashi 95 cikin 100 suna samun cikakkiyar kariya. An ga amfanin wannan a zahiri a Taiwan, wadda ta fara yi wa jarirai rigakafin a 1984: yawan yara masu ɗauke da ƙwayar ya sauko daga kusan kashi 10 zuwa ƙasa da kashi 1 cikin 100, sankarar hanta a tsakanin yara ma ta ragu.

Manya da matasa

Duk wanda aka haifa kafin 2004 ya ƙaddara cewa ba a yi masa wannan rigakafi yana yaro ba, haka ma da yawa daga waɗanda aka haifa bayan nan. Matakin farko shi ne gwajin jini da ake rubutawa HBsAg. Idan ya nuna akwai ƙwayar, allura ba za ta yi magani ba, abin da ake buƙata shi ne ganin likita don a duba lafiyar hanta a ga ko lokacin fara magani ya yi, tare da gwada mata ko miji, 'ya'ya da sauran mutanen gida. Idan babu, sai a fara.

Jadawalin da aka fi sani shi ne allura ta farko yau, ta biyu bayan wata 1, ta uku bayan wata 6 da ta farko. Wanda ya fara ranar 10 ga Janairu zai koma 10 ga Fabrairu, sannan 10 ga Yuli. Abin da ke cikin kwalbar ba ƙwayar cuta ba ce, wani ɓangare ne na fatarta da ake sarrafawa ta amfani da yis tun shekarar 1986, don haka ba zai iya sa wa mutum ciwon ba, kuma mai ciki da mai shayarwa duk suna iya karɓa. Allura ta farko tana gabatar da wannan ɓangare ga garkuwar jiki, amma a tsakanin manya masu lafiya 'yan ƙasa da shekara 40, kashi 30 zuwa 55 ne kawai ke samun kariya da ita. Ta biyu tana kai adadin kusan kashi 75. Ta uku ce ke haura da shi sama da kashi 90, kuma ita ce ke sa kariyar ta daɗe, domin watannin da aka bari a tsakani suna ba ƙwayoyin garkuwa damar nuna da ajiye kamannin cutar a ma'adanarsu. Lamarin kamar ginin ƙasa ne, wanda magini ba ya ɗora sabon sahu sai na ƙasa ya sha iska ya bushe, in ya yi gaggawa katangar ta zube. Shi ya sa a wannan jadawali na manya akwai mafi ƙarancin tazara da ba a ketarewa: mako 4 tsakanin ta farko da ta biyu, mako 8 tsakanin ta biyu da ta uku, da mako 16 tsakanin ta farko da ta uku. Allurar da aka yi kafin lokacinta ba a lissafa ta.

Akwai jadawalin gaggawa ga wanda lokaci ya ƙure masa, inda ake yi a rana ta farko, rana ta 7 da rana ta 21, amma sharaɗinsa shi ne a yi ta huɗu bayan wata 12, in ba haka ba kariyar ba za ta yi ƙarko ba. Ya dace da irin yanayin da gwajin kafin aure ya nuna ɗaya daga cikin masu niyyar aure yana ɗauke da ƙwayar. A ganina fasa aure saboda wannan sakamako kuskure ne da rashin sani ke jawowa, domin idan mai lafiyar ya kammala rigakafi aka kuma tabbatar ya kama, za su zauna lafiya su haifi 'ya'ya masu lafiya. Abin da ya kamata iyaye su yi shi ne a yi gwajin da wuri, ba ana saura mako guda ɗaurin aure ba. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, kowacce sai an gwada ta an yi mata nata. Mai ɗauke da ƙwayar kuma ba a ware masa kwano ko tabarma, domin ba a ɗaukar B ta cin abinci tare, musafaha ko zufa kamar yadda ake yaɗa jita-jita; reza, abin yanke farce, buroshi da allura su ne ba a tarayya a kansu.

Idan an makara

Tambayar da aka fi yi ita ce, wanda ya yi ta farko ko ta biyu ya yi watanni ko shekaru bai koma ba, shin zai sake daga farko? Amsa ita ce a'a. Jiki ba ya manta allurar da aka yi masa, don haka ana ɗorawa ne daga inda aka tsaya, ga yara da manya baki ɗaya. Illar jinkiri ita ce duk tsawon lokacin mutum yana zaune da rabin kariya. Wanda ba shi da kati kuma ba ya tuna adadin da aka yi masa, ya fi aminci a ɗauke shi a matsayin wanda bai yi ba, domin ƙarin allura ba ya cutarwa.

Wanda allurar da aka yi wa mai cutar ta soke shi, ko jininsa ya taɓa masa buɗaɗɗen rauni, alhali bai kammala rigakafi ba, ya garzaya asibiti a ranar, domin a nan ma sa'o'i 24 na farko su ne suka fi amfani.

Tabbatar da cewa ta kama

Jadawali zai iya cika amma kariya ta gaza idan an yi sakaci da abubuwa biyu. Na farko shi ne wurin allurar: manya a dantse ake yi musu, jarirai a cinya, ba a ɗuwawu ba, saboda kitsen wurin yana rage tasirinta. Na biyu shi ne adanawa. Ana ajiye wannan rigakafi tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma daskarewa ta fi zafi lalata shi, domin da zarar ya zama ƙanƙara ya tashi daga aiki ko da ya narke ya koma kamar yadda yake. Saboda haka a guji sayen kwalba a kemis ɗin da ba a san yadda firjinsa yake ba, ko ɗaukar ta a leda tana manne da ƙanƙara. A je inda aka san suna da firjin rigakafi, wanda a cibiyoyi da yawa yanzu da hasken rana yake aiki.

Ba kowa ne ke buƙatar gwaji bayan kammalawa ba, amma ma'aikatan lafiya da ɗaliban aikin jinya, masu wankin ƙoda, masu cutar HIV, da mijin ko matar mai ɗauke da ƙwayar, ya kamata su yi gwajin jini mai auna ƙarfin kariya, wanda ake rubutawa anti-HBs, bayan wata 1 zuwa 2 da allurar ƙarshe. Idan sakamakon ya kai 10 ko fiye, kariya ta samu. Idan bai kai ba, akan sake zagaye na biyu na allura uku a sake gwadawa. Tsufa, ƙiba da shan taba suna rage kamawar rigakafin, wanda hakan wani dalili ne na yin sa tun da ƙuruciya. Mai lafiyar da rigakafi ya kama shi ba ya buƙatar ƙari, kariyar tana kai aƙalla shekara 20, ana kuma kyautata zaton har tsawon rai, ko da adadin da gwaji ke nunawa ya sauka daga baya. Masu wankin ƙoda ne ake ba su kashi mai ƙarfi, ana kuma duba su duk shekara.

Rigakafin nau'in A ba ya cikin jadawalin yara na Najeriya. Inda ake samun sa, allura biyu ce da tazarar aƙalla wata 6, daga shekara 1 zuwa sama. Na nau'in E an amince da shi a ƙasar Sin tun 2011, amma bai zama ruwan dare a nan ba, don haka tafasa ruwan sha da wanke hannu su ne abin dogaro, musamman ga masu juna biyu waɗanda wannan nau'i ya fi yi wa illa, kamar yadda aka gani a ɓarkewar da ta auku a yankin Ngala na jihar Borno a 2017.

Yaron da mahaifiyarsa ke ɗauke da B yana da sauran mataki ɗaya bayan Penta ta uku. Idan ya kai wata 9 zuwa 12 a yi masa gwajin HBsAg da anti-HBs tare, don a san ko ya tsira kuma ko kariya ta kama shi. Tun da a wata 9 ake komawa allurar ƙyanda da ta shawara, sai a nemi takardar gwajin a wannan zuwan.